Takardun Soyinka Suna Amurka, Namu Suna Bakin Gara

'Yan uwa malamai, da yawa daga cikinmu da ke koyar da adabin Turanci mun kwashe shekaru a gaban allo da littafin The Lion and the Jewel a hannu, muna shirya ɗalibai domin jarrabawar WAEC. Mun san Sidi, mun san Baroka, mun kuma san Lakunle, malamin makarantar ƙauyen nan mai yawan surutu da kan sa yara su yi dariya suna satar kallonmu. Amma ranar da wani ɗalibi mai kaifin basira ya ɗaga hannu ya tambaye mu yadda Wole Soyinka yake aikinsa, abin da yake fara rubutawa da abin da yake sokewa, ba mu da ko falle ɗaya da za mu nuna masa. Tarin takardun wannan marubuci, wato daftarorinsa na rubutun hannu da na tafireta da wasiƙunsa, yana ajiye a ɗakin karatu na Houghton da ke Jami'ar Harvard a Amurka. Takardun Chinua Achebe ma suna can. Rubutun hannun Amos Tutuola na The Palm-Wine Drinkard, wanda aka buga a 1952, yana Jami'ar Texas.

Mun sha jin masu kumfar baki suna cewa Turawa sun kwashe mana dukiya, a dawo da ita. A ganinmu an bar jaki ana dukan taiki. Kafin mu tuhumi wanda ya adana, sai mu fara tuhumar wanda ya yi sakaci, kuma wannan mai sakacin mu ne da hukumominmu.

A tuna ko wane ne Soyinka da irin riƙon da ƙasarsa ta yi wa rubutunsa. An haife shi a Abeokuta a 1934. Ya rubuta ƙagaggun labarai irin su The Interpreters na 1965, da wasannin kwaikwayo irin su Death and the King's Horseman na 1975, kuma a 1986 ya zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya karɓi kyautar Nobel ta adabi. A 1967, lokacin yaƙin basasa, gwamnatin soja ta tsare shi, ba a sake shi ba sai a 1969, kuma mafi yawan wannan zama a kurkukun Kaduna ya yi shi, cikin kaɗaici. An hana shi takarda da abin rubutu. Sai ya riƙa cusa rubutunsa a tsakanin layukan littattafan da suka shigo hannunsa, ciki har da nasa littafin waƙoƙi mai suna Idanre, da kuma a kan takardar ban-ɗaki. Daga irin waɗannan gutsattsari ne littafin The Man Died ya fito a 1972. A 1994 kuma, zamanin mulkin Abacha, sai da ya tsere daga ƙasar, daga baya aka tuhume shi da cin amanar ƙasa yana gudun hijira. To, mutumin da ƙasarsa ta taɓa hana wa takarda, da wane baki za ta tambaye shi dalilin da takardunsa suka sami mafaka a ƙetare?

Wani zai ce ina ruwan malamin firamare ko na sakandare da daftari, tunda littafin da aka buga yana nan a kasuwa. Ruwanmu da tsaki. Babbar cutar da muke fama da ita a darasin insha'i ita ce yaranmu sun ɗauka rubutu mai kyau saukowa yake yi a kammale daga kan masu baiwa. Saboda haka yaro ya rubuta jimla ɗaya, ya ga ba ta yi ba, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba marubuci ba ne, ya koma kwafe daga allo, ko daga abokinsa, ko daga waya. Jan biron da muke sa masa a littafi kuwa yana ganinsa tamkar bulala. Da za mu iya ɗora masa shafi guda a kan tebur, ya ga wanda ya ci kyautar Nobel ya soke layi, ya sake shi, ya kuma sake sokewa, da mun huta da dogon wa'azi. Yaron zai gane da idonsa cewa gyara shi ne aikin, kuma jan biro ba cin mutunci ba ne.

Wani kuma zai ce Soyinka Bayarabe ne, da Turanci ya yi rubutu, can su ƙarata. Mu dawo gida ke nan, mu ga ko namu sun fi samun gata. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Midil ta Katsina sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa malami ne a Bauchi. Malam Aminu Kano, wanda ya rubuta wasannin kwaikwayo tun yana matashi, malami ne, kuma yana cikin waɗanda suka assasa ƙungiyar malaman Arewa a ƙarshen shekarun 1940. Wato rubutaccen adabin Hausa na boko daga hannun masu alli ya fito, magabatanmu a wannan sana'a. Masana sun daɗe suna muhawara a kan iyakar hannun da East ya sa a cikin aikin Imam, musamman Magana Jari Ce da aka rubuta a Zariya a 1936. Irin wannan gardama daftari ne kaɗai ke iya raba ta, domin a nan ake ganin rubutun marubuci da gyaran edita kowanne da tawadarsa. Sai kowannenmu ya tambayi kansa ko a duk shekarunsa na kwalejin horon malamai an taɓa nuna masa hoton shafi ɗaya na rubutun hannun waɗannan bayin Allah.

Abin da ya ɓace kan iya dawowa in an yi dace, amma dace ba tsari ba ne. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 ya yi shekaru ana zaton ya salwanta, sai da aka tsinto shi a wani tsohon ɗakin ajiya a Legas, aka gyara shi da taimakon wata cibiya a Jamus, aka nuna shi a Berlin a 2018. Takarda ba ta da wannan dogon numfashi a ƙasarmu mai gara da danshin damina da ƙurar hunturu.

Mu kanmu ba mu da tsarki a wannan lamari. A wata makaranta ta wannan reshe, wadda ba za mu ambaci sunanta ba, mun ga an buɗe sito bayan rasuwar wani dattijon malamin Hausa da ya shekara da shekaru yana rubuta wa ɗalibai wasannin da ake yi ranar rabon kyaututtuka. Kwalayen da ya bari, rabi gara ta gama da su. Ragowar aka auna wa masu ƙosai da masu tsire. Babu wanda ya yi haka da mugunta. An dai buƙaci wurin ajiye kujeru ne. Muna tsaye aka yi, ba wanda ya ce uffan. Marubutan yau kuma, waɗanda daftarinsu ke cikin waya, ranar da wayar ta faɗa ruwa ko ɓarawo ya fizge ta, shi ke nan.

Mun san abin da ke zukatan wasunku: albashi bai shigo a kan lokaci ba, kuɗin ƙarin girma sun maƙale, rufin aji yana yoyo, yara sun yi wa benci yawa, sannan a zo mana da zancen tsofaffin takardu. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma ba mu janye ko ɗaya daga cikin waɗancan buƙatu ba. Sai dai hannun da ke jinkirta haƙƙin malami shi ne hannun da ke barin ɗakin karatu babu wuta babu fanka, domin duka biyu daga raina aikin ilimi suka samo asali. Ƙungiyar da ta yi shiru a kan ɗaya ta raunana hujjarta a kan ɗayan.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ilimi da ta nemi kwafin hoto na zaɓaɓɓun shafuka daga daftarorin marubutan da ke cikin manhajarmu, da izinin masu haƙƙinsu, a buga su cikin littafin jagoran malami. Wannan bai kai kuɗin mota ɗaya ta ayarin wani babba ba. Muna kira ga gwamnatoci da su ba wuraren ajiya da muke da su, irin su Gidan Arewa da aka kafa a Kaduna a 1970, da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Mambayya a Kano, isassun kuɗi da ƙwararrun ma'aikata, yadda iyalin marubuci za su miƙa takardun mahaifinsu hankali kwance.

Namu aikin kuma ba ya jiran kasafin kowa. Kowane wakilin makaranta ya leƙa siton makarantarsa kafin damina ta sauka, ya ware rubutun wasanni da mujallun makaranta da littattafan shirin darasi na tsofaffin malamai, ya ɗaga su daga ƙasa, ya rubuta jerin abin da ya samu. Ku kuma iyayenmu mata da 'ya'yan malaman da suka riga mu gidan gaskiya, muna roƙonku kada ku ƙona ko ku sayar da akwatin takardun Malam kafin wani daga cikinmu ya zo ya duba. Wakilai su taho da jerin nasu zuwa taron reshe mai zuwa.