Sharhi: A rufe raunanan cibiyoyin horar da likitocin fatoloji a Amurka, ko a gyara su?

Akwai wata muhawara tsakanin likitocin Amurka da ba ta cika fitowa a manyan kafafen labarai ba, alhali ta shafi duk wanda aka taɓa ciro masa gutsuren nama aka kai gwaji. Asibitocin da ke horar da likitocin fatoloji ba tare da isassun malamai ko isasshen aiki ba, a rufe horon nasu ko a bar su su ci gaba?

Likitan fatoloji, wanda ma'aikatan asibitocinmu ke kiran sashensa "anapat", majinyaci bai cika ganin fuskarsa ba. Idan likitan tiyata ya ciro ƙari daga nonon mace, ba shi ke yanke hukuncin ko ciwon daji ne ba. Ana jiƙa naman a ruwan magani, a daskarar da shi cikin kaki, a yanka shi siriri fiye da silin gashi, a rina shi, a ɗora a gilashi, sannan wannan likita ya duba da madubin ƙara girma. Abin da ya rubuta shi ke sa a cire nonon ko a bar shi, a fara ƙarin ruwan maganin daji ko a sallami matar ta koma gida.

Aikin ba mai sauƙi ba ne ko ga ƙwararru. A 2015 mujallar likitoci ta JAMA ta buga wani bincike da aka bai wa likitocin fatoloji 115 samfuran naman nono su duba. A kan ciwon dajin da ya riga ya kutsa cikin nama, amsarsu ta dace da ta manyan masana da kashi 96 cikin ɗari. Amma a kan canjin da ke tsaka-tsaki, wanda bai zama daji ba kuma bai tsaya lafiyayye ba, dacewar ta faɗo zuwa kashi 48. Waɗannan likitoci ne da ke kan aiki. To ina ga wanda ya yi horonsa a inda samfuran ba su da yawa, malamin kuma ba ya da lokacin zama da shi?

Daga nan masu neman a rufe suke ɗauko hujjarsu, kuma hujja ce mai ƙarfi. A Amurka, bayan kammala makarantar likitanci, mai son fatoloji yakan yi shekara huɗu yana horo a asibiti. Akwai irin waɗannan cibiyoyi kimanin 140, suna ɗaukar sababbi wajen 600 a kowace shekara. Hukumar ACGME da ke ba su izini ta gindaya cewa kowane ɗalibi ya duba aƙalla samfuran tiyata 2,000 da na ƙwayoyin jiki 1,500 kafin ya gama. Sai dai lamba ba ta faɗin irin abin da aka gani. Ɗalibin da ya duba uwar hanji da matsarmama har ya cika adadi, amma bai taɓa haɗuwa da ƙarin ƙwaƙwalwa ko dajin ƙashin yara ba sai a littafi, a takarda daidai yake da wanda ya fito daga babban asibitin jami'a.

Ƙorafi na biyu ya fi zafi. Shirin inshorar gwamnati na Medicare yana biyan asibiti kuɗi a kan kowane likita mai neman ƙwarewa da ya ɗauka. Masu suka na cewa wasu asibitoci sun mayar da ɗaliban ƴan ƙwadago masu arha: su wuni suna yankan nama da cika takardu, aikin da ma'aikacin da aka ɗauka da albashi ya kamata ya yi, su tashi ba su zauna gaban madubi da malami ba. Kuskuren likitan tiyata kan bayyana nan take a kan gadon aiki. Na likitan fatoloji yana iya ɓuya shekara biyu ko uku, sai ciwon da aka ce babu ya dawo ya bazu.

Amma ba duk mai kiran a rufe ne majinyaci ya dame shi ba. An daɗe wasu likitocin fatoloji a Amurka suna kukan cewa an yi musu yawa, aiki ya yi wuyar samu, har sabon likita sai ya ƙara shekara ɗaya ko biyu na horo na musamman kafin a ɗauke shi. Ga irin waɗannan, rufe cibiyoyi hanya ce ta rage masu fitowa domin albashi ya tashi. Ko yawan nasu ma ba a daidaita a kai ba. Wani bincike na 2019 ya ce sun ragu da kashi 17.5 cikin ɗari tsakanin 2007 da 2017, zuwa ƙasa da 13,000. Bayan shekara guda wasu masana suka ce an bar masu ƙananan fannoni a baya wajen ƙidayar, adadin gaskiya ya haura 21,000. Wanda bai san ko rara yake da ita ko giɓi ba, bai kamata ya yi saurin ɗaukar makulli ba.

Amurka ta taɓa yin irin wannan shara, kuma tarihinta na da darasi ta fuska biyu. A 1910 Abraham Flexner ya fitar da rahoto bayan ya zagaya makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada. Ya tarar da wasu ba su da ɗakin gwaji, ba su da asibitin koyarwa, kuɗin ɗalibai kawai suke karɓa. Cikin shekarun da suka biyo baya aka rufe ko aka haɗe kusan rabinsu, kuma babu mai musun cewa ingancin likitanci ya ɗaga. Amma daga makarantu bakwai da ke horar da baƙar fata, biyu kaɗai suka tsira: Howard a Washington da Meharry a Nashville. Raunin sauran biyar na gaske ne, sai dai tushensa rashin kuɗi ne, kuma ba wanda ya kawo kuɗin. Aka rufe, al'ummar da suke yi wa aiki ta shafe shekaru da dama tana fama da ƙarancin likitoci.

Wani misalin kuma shi ne asibitin Hahnemann da ke Philadelphia, wanda ya durƙushe a 2019 saboda matsalar kuɗi. Likitoci masu neman ƙwarewa sama da 550 suka wayi gari ba wurin horo. Waɗanda suka fi shiga uku su ne baƙi, domin bizar zamansu a ƙasar tana rataye ne da horon. Idan ya tsaya ba su sami wani wuri da wuri ba, sai haɗa kaya. Wannan ya shafi ƴan uwanmu da ke can kai tsaye. Fatoloji na cikin fannonin da likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka suka fi samun shiga, kuma sau da yawa ƙananan cibiyoyin da ake kira raunana su ne ke buɗe musu ƙofa.

Akwai kuma wani ƙulli na doka da masu muhawarar kan tsallake. Tun 1997 majalisar dokokin Amurka ta ƙayyade yawan guraben horo da Medicare zai biya wa kowane asibiti. Ƙayyadewar ta asibiti ce gaba ɗaya, ba ta fanni-fanni ba. Idan aka rufe horon fatoloji a wani asibiti, shugabanninsa na iya mayar da guraben ga fannin da ya fi kawo kuɗi. Gurbin ba ya tashi ya koma wata cibiyar fatoloji mai kyau don kawai an rufe maras kyau.

A ganina, a rufe, amma da ma'auni ɗaya: shin ɗalibin da ya fito daga nan za a iya miƙa masa naman mutum a kwana da kwanciyar hankali? Idan cibiya ba ta da samfura iri-iri, malamanta sun watse, ɗalibanta na faɗuwa jarrabawar ƙwarewa shekara bayan shekara, an ja mata kunne an ba ta wa'adi ba ta canza ba, barin ta buɗe zalunci ne ga majinyaci da ɗalibin kansa. ACGME na da matakan gargaɗi da na gwaji kafin janye izini. A yi aiki da su da gaske. Kafin a kai ga rufewa kuwa, akwai abin da ake iya yi: a haɗa ƙaramar cibiya da babban asibiti ɗalibai su riƙa zagayawa, a ɗauki ma'aikatan yankan nama don a sauke wa ɗalibai, a yi amfani da hotunan gilashi na kwamfuta da yanzu ake aikawa ta intanet. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Idan rufewar ta zama dole, a daina ɗaukar sababbi, a bar na ciki su gama ko a nema musu wuri tukuna. Rufewa don a rage masu neman aiki kuwa ba ta da hurumi a wannan magana.

A nan gida lissafin ya sha bamban, ko da yake tambayar inganci ɗaya ce. Jerin rahotannin da mujallar Lancet ta fitar a 2018 ya nuna cewa a Afirka kudu da Sahara likitan fatoloji ɗaya ne ke fuskantar mutum kimanin miliyan guda. Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashin daji da na'ura a 2021, amma ba a kwantar da majinyaci ƙarƙashin na'urar sai da takardar anapat a hannu. Jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram duk suna yaye likitoci. Duk ranar da aka zo faɗaɗa horon fatoloji a cikinsu, abin da za a fara ƙirgawa shi ne malamai nawa za su zauna da ɗalibi gaban madubi, da samfura nawa ke shigowa ɗakin gwajin a shekara.