Zuwa Ga Maɗoran Sukuntuni: Ku Tambayi Yatsu Kafin Ku Sallami Majinyaci

Iyayena maɗora na Sukuntuni da kewaye, har Kankia da Kusada. Allah ya ƙara wa hannuwanku albarka.

Duk wanda ya taɓa ganin ɗayanku yana bin dantsen yaro da babban yatsa a hankali, idonsa na can wani wuri, har ya tsaya ya ce "nan ne," ya san gadon nan ba wasa ba ne. Masu binciken ƙwaƙwalwa ma sun shaida. A tafin hannu da yatsu akwai zaren jijiyoyin ji kimanin 17,000, waɗansu na jin dannawa, waɗansu na kama ƙanƙanin motsi irin na ƙashi in ya gogi ɗan'uwansa. Saƙonsu yana hawa ta laka, ya ƙetare, shi ya sa abin da hannun dama ya taɓa ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ke karɓarsa. A 1937 Likita Wilder Penfield, a birnin Montreal na Kanada, ya nuna cewa gurbin da ƙwaƙwalwa ta ware wa hannu ya fi na gadon baya gaba ɗaya. A 1990 kuma, a Amurka, Michael Merzenich da abokan aikinsa suka saba wa birai taɓa wani faifai mai juyawa da kan yatsu. Bayan 'yan watanni gurbin waɗannan yatsun ya faɗaɗa. Ashe shekarun da kuka yi gaban iyayenku kuna riƙe musu kara su suka gina muku wannan ji. Ku bar yaranku su sa hannu, kada su tsaya ga kallo.

Amma hannun majinyaci ne ya sa na ɗauki alƙalami. Manyan jijiyoyi uku ke ɗauko ji daga hannu, kuma duk ukun suna ratsa dantse da gwiwar hannu, daidai inda yaro kan karye in ya faɗo daga mangwaro ko bayan jaki. Bayan ɗori kumburi ƙaruwa yake yi, kara da tsumma kuwa ba sa buɗewa. Sai jini ya tsaya. Kimanin awa shida nama ya yi babu jini, ya fara mutuwa, wanda ya mutu kuma ba ya dawowa. Tun 1881 wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya ɗora laifin kan ɗaurin da ya yi tsauri: ƙashi ya haɗe lafiya lau, yatsu kuma sun ƙanƙame kamar ƙafar kaza, yaro ya tashi ba ya iya riƙe fartanya.

Gwajin da zai nuna ko ɗauri ya yi tsauri ba ya cin ko kwabo. Majinyaci ya rufe ido. Ku shafi kan ɗan ali, ku shafi kan ƙaramin yatsa, sannan bayan hannu tsakanin babban yatsa da ɗan ali. Kowane wuri da jijiyarsa. Ya faɗi inda aka taɓa. Ku danne farce ya yi fari, ku saki: jan ya dawo cikin daƙiƙa biyu. Ku yi haka kafin ɗauri da bayansa, washegari ma ku sake.

In ya ce yatsun sun mutu, ko yana jin kamar ana tsikararsa da allura, ko kuka miƙar da yatsa ya ƙwalla ƙara, don Allah kada a ce masa "raki ne, yi haƙuri." Ku kwance ɗaurin nan take, a nufi Babban Asibitin Kankia. Karayar da ƙashi ya fasa fata kuwa, irin ta 'yan babur a hanyar Kano zuwa Katsina, ta asibiti ce tun farko, ko da za ta kai ga Asibitin Ƙashi na Dala.

Maɗorin da ya ce "wannan ba tawa ba ce, ku kai shi gaba" bai zubar da girman gidansu ba. Ina roƙonku, iyayena, ku gaya wa uwar kowane yaro waɗannan alamomi kafin ta bar zaurenku, in ta ga ɗaya daga ciki, ko tsakar dare ne ta dawo.