Wai Katun Ne Zai Zubar Da Girman Ruwan Bagaja?

Bayan an gama yankan gero muka kai ziyara wani ƙauye da ke tsakanin Bichi da Ɗambatta, irin ƙauyukan nan da gona ke manne da gona, babu ko taƙi guda na saura. Da magariba ta wuce sai muka tarar da yara sun yi dafifi a rumfar mai cajin waya, sun zuba wa waya ɗaya ido suna kallon katun na Turawa, ba sa jin ko kalma guda, amma dariya har da faɗuwa. Muka tambaye su ko sun san Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Suka dubi juna. Wani ya ce ko mai wa'azi ne?

To, wannan ne ya sa muka kasa yin shiru game da maganar da wasu manyanmu a ƙungiya ke yi, cewa wai mayar da Ruwan Bagaja katun cin mutuncin Alhaji Abubakar Imam ne, domin katun wasan yara ne. Muna girmama su, amma a nan kam ba mu tare da su ko kusa.

Bari mu ɗauko misali daga waje. A shekarar 1978 wani Ba'amurke, Ralph Bakshi, ya mayar da littafin J.R.R. Tolkien, The Lord of the Rings, fim ɗin zane. Shi ma labarin doguwar tafiya ne cike da dodanni da sihiri. Ba mu ce fim ɗin ya yi kyau ba. Bakshi ya ɗauki hoton 'yan wasa na gaske, sannan aka bi kansu da zane, sai wasu wuraren suka fito ba su zama mutum ba, ba su zama zane ba. Ya zubar da wasu taurarin littafin. Mafi muni, labarin ya tsaya a tsakiya, ba a faɗa wa masu kallo cewa kashi na farko ne ba, kuma kashi na biyun bai taɓa fitowa ba. Masoya littafin sun yi ta tsine masa. Amma me ya sami littafin? Ko ƙwarzane. Hasali ma wani matashi a ƙasar New Zealand, Peter Jackson, wannan fim mai aibi ne ya tura shi ya nemi littafin ya karanta, shi ne kuma ya zo ya yi manyan finafinan nan uku daga 2001 zuwa 2003.

Mu fa? Tun 1934 littafinmu yake hannu, bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Mun kare shi, mun kare shi, har mun mayar da shi abin haddar jarrabawa. Ɗan manomin da littafi bai isa makarantarsu ba, ta ina zai gamu da Alhaji Imam yana gararambar neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki?

Masu cewa kada a taɓa, sun manta shi kansa Imam ya taɓa na wasu. Bai ɓoye ba cewa ya ɗebo daga littattafan Larabci irin su Muƙamatul Hariri, ya sa musu riga da hula na Hausa, kuma ba wanda ya ce ya ci mutuncin Hariri. Haka Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar fim a 1976, girman Abubakar Tafawa Ɓalewa bai ragu ba.

Kuma a gaskiya babu abin da ya dace da Ruwan Bagaja kamar zane. Duk mun ga yadda aljani ke fitowa a finafinan bidiyonmu: ƙato a shafe da gawayi, ya ɓace ya dawo, 'yan kallo na dariya a inda ake so su tsorata. Mai zane ba ruwansa da wannan. Ƙasar aljanu da ƙasan teku duk alƙalami ɗaya ne a wurinsa. Ramuwar gayyar da ke tsakanin Alhaji da Zurƙe kuwa, kowace gamuwa fitowa guda ce cikakkiya ta minti goma, daidai abin da za a tura a waya a kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi.

Za a ce ina kuɗi, ina ƙwararru? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma na farkon da za a yi zai fito da gurguntaka, watakila ya fi na Bakshi muni. Mun yarda. Sai dai akwai matasa a Kano masu zane da kwamfuta, abin da suka rasa shi ne rubutaccen tsari, wannan kuwa aikinmu ne, ba na mai zane ba. Neman izinin masu haƙƙin littafin ma takarda ce da ƙungiya za ta iya rubutawa a wannan zangon.

Saboda haka muna kira ga kowane reshe ya ɗauki gamuwa ɗaya ta Alhaji da Zurƙe, ya tsara ta fitowa-fitowa, da maganganu da bayanin abin da ido zai gani, ya aiko wa edita kafin fitowar mujalla ta gaba.