Bayan An Ajiye Robar Rilaksa: Me Ya Sa Mata Ke Komawa?

Duk shekara idan watan Rabi'ul Awwal ya kama, Daura kan shiga shirin Sallar Gani. A waje ana gyaran dawaki da kayan hawa, a cikin gida kuwa kawunan mata da 'yan mata ake gyarawa. Shekaru da dama ke nan wannan gyara yana farawa da robar rilaksa: a shafa farin man, a jira har fatar kai ta ɗauki zafi, sannan a ruga a wanke. Yarinyar da ta yi kuka a ce mata ta yi haƙuri, ado ba ya samuwa sai da wahala.

Yanzu mata da yawa sun fara ajiye robar, kuma shawarar tasu daidai ce. Sai dai ba kaɗan ba ne ke komawa tun shekara ba ta zagayo ba. Dalilin komawar shi ne abin dubawa.

Abin da rilaksa ke yi

Silin gashi an gina shi ne da furotin mai suna keratin, wanda wasu ƙulle-ƙullen sinadari ke riƙe da shi a murɗe. Aikin rilaksa shi ne tsinka waɗannan ƙulle-ƙulle. Mai ƙarfi daga cikinta da soda ake yin ta, irin wadda ake haɗa sabulu da ita. Wadda ake cewa ba ta da soda, har da ta yara, wani sinadarin ne a ciki mai kaifi kusan iri ɗaya. Gashin da ta taɓa ba ya komawa yadda yake, shi ya sa duk bayan wata biyu sai an sake shafawa a sabon da ya tsiro.

A watan Oktoba na 2022, masu bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka sun fitar da sakamakon bibiyar mata 33,497 na kusan shekara 11. Sun ƙiyasta cewa cikin waɗanda ba sa amfani da man miƙar da gashi, kashi 1.64 cikin ɗari ne za su kamu da kansar mahaifa kafin su kai shekara 70, amma cikin masu shafawa fiye da sau huɗu a shekara adadin ya kai kashi 4.05. Binciken alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa man ne sanadi ba. Duk da haka, ga macen da ke shafa shi a fatar da ta riga ta ƙone, wannan alaƙa ta isa dalilin tsayawa.

Inda matsalar take

A Amurka rigimar gashi ta wurin aiki ce, har jihar Kalifoniya ta yi doka a 2019 ta hana nuna wa mutum bambanci saboda yanayin gashinsa. A Daura da Mai'adua da Zango ba haka abin yake ba. Malamar makaranta da ma'aikaciyar jinya da ɗankwali da mayafi suke fita, babu shugaban da ke ganin kansu. Masu kallon a cikin gida suke: miji, kishiya, dangin miji, da ƙawaye ranar biki.

Amma abin da ya fi maganar mutane nauyi shi ne rashin sani. Akwai matan da aka fara shafa wa rilaksa tun suna firamare, suka yi aure suka haihu ba su taɓa taje gashinsu na asali ba. Ranar da suka daina, sai su tarar da baƙon gashi a kansu, su yi masa irin riƙon da suka saba yi wa miƙaƙƙe, ya yi ta karyewa, su ɗauka laifinsa ne.

Karyewar tana da bayani. Gashi yana tsiro kimanin santimita ɗaya a wata, kuma mahaɗar sabon da tsohon ita ce wuri mafi rauni. Hanya biyu ce: a yanke tsohon gaba ɗaya, ko a riƙa kitso mai sassauci ana datse bakin kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Ta biyun takan ɗauki shekara ko fiye.

Murɗaɗɗen gashi kuma ya fi saurin bushewa, domin maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarawa har bakinsa. A gari irin Daura da ke bakin iyakar Nijar, inda rani ya fi damina tsawo kuma hunturu ke busar da komai, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kuskuren da aka fi yi shi ne lafta mai a busasshen kai. Ruwa ne ke laushi, mai riƙe shi kawai yake yi. Saboda haka a jiƙa tukuna, sannan a bi da man kaɗanya. Kada a taje sai da danshi, da mataji mai faɗin haƙora, daga baki zuwa tushe. Karkashin da ake miya da shi yauƙinsa na warware cuɗewa, ganyen magarya kuwa na wanke kai ba tare da ya bar shi ƙandas ba. Ɗankwalin atamfa yana tsotse danshi, hular satin a ƙarƙashinsa tana maganin haka. Bayan wanka kuma a bar kitso ya sha iska kafin a rufe, domin jiƙaƙƙen kai a ƙarƙashin hijabi yana jawo ƙaiƙayi da wari.

Ba duk na da ne ke da kyau ba

Ana iya ɗauka cewa mafita ita ce a koma wa tsohuwar al'ada kacokan. Ba haka ba ne. Kitson da aka ja har fatar goshi ta miƙe, yarinya ta kasa barci daren farko, yana kashe tushen gashi a hankali, kuma goshin da ya daɗe da zama sanƙo ba ya dawowa. Makitsiyar da ke alfahari da cewa kitsonta na yin wata biyu bai motsa ba tana iya yin ɓarnar da ta kai ta rilaksa. Haka ma masu tallan mayuka masu tsada a Instagram: babu man da ke sa gashi ya ninka saurin tsirowarsa, abin da ake iya yi shi ne hana shi karyewa.

Akwai uzuri ɗaya mai ƙarfi. Macen da ke aikin gwamnati, ga girki ga reno, tana da gaskiya idan ta ce ba ta da yinin da za ta ba tsifa da wanki da kitso. Gashin asali ya fi cin lokaci, musamman a shekarar farko. Wadda ta san wannan duka ta zaɓi rilaksa, zaɓinta ne. Yarinya 'yar shekara biyar kuwa ba ta zaɓi komai ba.

Daga nan ya kamata gyara ya fara. Uwa ta ƙi shafa wa 'yarta, ta kuma ce wa makitsiya ta sassauta hannu ko da kitson ba zai wuce mako biyu ba. Miji ya daina tambayar me ya sami kan nan. Masu shagunan gyaran gashi su koyi riƙon gashin asali, tunda kasuwarsa na zuwa. Yarinyar da aka yi wa haka a Sallar Gani ta bana za ta girma ta san gashinta, ba sai ta kai shekara talatin ta fara koyon taje shi ba.