Sharhi: Daga Fadar White House zuwa mahadar Diko, yadda sauyin shugaba a Amurka ke shafar tsaron Najeriya

A mahadar Diko da ke kusa da Suleja ne hanyar Minna ta haɗu da babban titin Abuja zuwa Kaduna, titin da masu garkuwa da mutane suka addabi matafiyansa shekaru da dama. Jiragen yaƙin da Najeriya ta fi dogara da su wajen fatattakar irin waɗannan mahara suna jibge ne a cikin Jihar Neja, a sansanin sojin sama na Kainji. Tarihin sayensu ya nuna yadda sauyin shugaba a Amurka ke iya jinkirta ko hanzarta tsaron ƙasar da ke ƙawance da ita.

A shekarar 2014, lokacin da Boko Haram ke mamaye garuruwa a Borno, Yobe da Adamawa, gwamnatin Barack Obama ta hana a sayar wa Najeriya jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra daga Isra'ila, saboda zargin take haƙƙin ɗan Adam da ake yi wa sojoji. Daga baya aka shiga cinikin jiragen Super Tucano guda 12, amma harin kuskure da sojin sama suka kai sansanin 'yan gudun hijira na Rann a ranar 17 ga Janairun 2017, wanda ya halaka mutum fiye da 100, ya sa Obama ya dakatar da shi kwanaki kaɗan kafin ya sauka.

Donald Trump na hawa mulki ya farfaɗo da cinikin. A watan Agustan 2017 aka amince da shi a kan kimanin dala miliyan 593, sannan a 2018 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ciri dala miliyan 496 daga asusun rarar kuɗin ɗanyen mai domin biya, lamarin da ya jawo ce-ce-ku-ce a Majalisar Dokoki ta Ƙasa. Rukunin farko na jirage shida bai iso ba sai Yulin 2021, a zamanin Joe Biden. Ke nan ciniki ɗaya ya ratsa hannun shugabanni uku, kuma a tsawon wannan jira matsalar 'yan bindiga ta yi ƙamari a Zamfara, Katsina, Kaduna da Neja. Watanni takwas bayan isowar jiragen, a ranar 28 ga Maris 2022, aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, wanda mutane suka koma hawa don gudun titin.

Matsayin Najeriya a idon Amurka ma haka yake ta juyawa. A Disambar 2020 gwamnatin Trump ta sa ƙasar cikin jerin waɗanda ake zargi da tauye 'yancin addini. Gwamnatin Biden ta cire ta a Nuwambar 2021. Trump ya mayar da ita a ranar 31 ga Oktoban 2025, washegari kuma ya yi barazanar ɗaukar matakin soja bisa zargin kisan Kiristoci, zargin da gwamnatin Bola Tinubu ta musanta da cewa Musulmi da Kirista duk ta'addanci bai ƙyale su ba. A ranar 25 ga Disamba Amurka ta kai hare-hare a Jihar Sakkwato, Abuja kuwa ta ce da haɗin gwiwarta aka yi. Maharan da ke dazukan Shiroro da Kainji ba su sauya ba a waɗannan shekaru biyar; wanda ke zaune a Fadar White House ne ya sauya.

Akwai kuma ɓangaren da ba na makami ba. A ranar da aka rantsar da shi, 20 ga Janairun 2025, Trump ya dakatar da tallafin ƙetare na kwana 90, daga bisani aka rushe hukumar USAID. A tsakiyar shekarar, Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi gargaɗin cewa mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas na iya rasa agajin abinci saboda ƙarancin kuɗi. Sansanin da yunwa ta kama wuri ne mai sauƙi ga masu neman mayaƙa.

Ba Najeriya kaɗai wannan ya shafa ba. Ukraine, wadda ta samu makamai na biliyoyin daloli a zamanin Biden, ta wayi gari a Maris 2025 an dakatar mata da tallafin soja da bayanan sirri na wasu kwanaki bayan saɓanin Trump da Volodymyr Zelensky. Idan haka ta samu ƙasar da Turai ke mara wa baya, ƙasar da ba ta da yarjejeniyar kariya da Amurka ba ta da hujjar sakin jiki, musamman bayan ficewar sojojin Amurka daga Agadas a 2024 da kuma janyewar Nijar daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi a 2025.

Wannan ba ya nufin Najeriya ta juya wa Amurka baya, domin jiragen na buƙatar kayan gyara da harsasai daga can. Sai dai Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Sace ɗalibai da malamai fiye da 200 daga makarantar St. Mary da ke Papiri a ranar 21 ga Nuwambar 2025 ya auku ne a ƙaramar hukumar Agwara, maƙwabciyar Borgu inda sansanin Kainji yake. Jirgin yaƙi bai maye gurbin ofishin 'yan sanda, hanya mai kyau da amanar mutanen ƙauye ba.

Abin da ke hannun Najeriya shi ne aiwatar da dokar 2023 da ta sabunta kamfanin ƙera makamai na DICON da ke Kaduna, faɗaɗa wuraren sayen makamai, hukunta jami'an da suka take haƙƙin fararen hula don kada a samu kafar toshe ciniki, da kuma gyara hulɗar tsaro da Nijar. Amurka za ta sake zaɓen shugaba a Nuwambar 2028, kuma kafin lokacin ne ya kamata a kammala waɗannan ayyuka.