Lasisin Tuƙin Jirgin Sama: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya



A kwanan baya wani magidanci ya same mu da wata magana wadda ta tsaya mana a rai. Ya sayar da gona guda da rabin garkensa, ƴan uwansa mata suka haɗa da kuɗin adashensu, aka tura ɗansa Afirka ta Kudu koyon tuƙin jirgin sama. Yaron bai ba da kunya ba. Cikin shekara 2 ya dawo da lasisi a hannu da awa 200 da ɗoriya a littafin tashinsa. Aka yi walima, dangi suka zo barka. Yau shekara ta biyu ke nan yana zaune a gida, yana aika takardun neman aiki gabas da yamma, shiru kake ji. Tambayar da uban ya yi mana ita ce: "Malam, shin takardar ce ba ta da kyau, ko kuwa yaudararmu aka yi?"

Takardar tana da kyau, kuma ba lalle ne an yaudare su ba. Abin da ya faru shi ne babu wanda ya gaya masu tun farko cewa lasisin tuƙin jirgi yana da ƙasa, kamar yadda mutum yake da ƙasa. Ba ya tsallake iyaka sai da izini. Tun da yake mun san ba wannan gida kaɗai ke cikin irin wannan hali ba, muka ga ya dace mu warware zancen a nan.

Tushen dokar

A ranar 7 ga Disamba 1944 ƙasashe suka sa hannu a kan yarjejeniyar Shikago, wadda ta haifi hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, OACI, mai mazauni a Montreal ta ƙasar Kanada. Ƙasashe 193 ke cikinta. Sashi na 32 na wannan yarjejeniya ya tanadi cewa matuƙin jirgin da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe dole ya riƙe lasisin da ƙasar rajistar jirgin ta bayar, ko wanda ta amince da shi. Ke nan ba ƙasar matuƙin ake dubawa ba, ba kuma ƙasar da jirgin ya sauka ba. Haruffan da ke jikin jirgin ake dubawa: 5U na Nijar, TT na Cadi, TJ na Kamaru, 5N na Nijeriya, 9G na Gana, F na Faransa, N na Amurka. Wanda ke riƙe da lasisin Afirka ta Kudu yana iya sauko da jirgin Afirka ta Kudu a filin Diori Hamani na Yamai ba mai ce masa uffan, amma ba ya da ikon tuƙa jirgi mai lamba 5U da ke ajiye kusa da shi sai hukumar ANAC ta Nijar ta yarda.

OACI ba ta ba kowa lasisi. Iyakarta ta gindaya mafi ƙarancin sharaɗi. Lasisin tuƙi na kai da kai, PPL, awa 40 ne, kuma ba a cin abinci da shi. Lasisin aiki, CPL, awa 200 ne, ko 150 a makarantar da aka amince da tsarinta. Babban lasisi, ATPL, wanda ake zama shugaban jirgin fasinja da shi, awa 1,500 ne. Kowace ƙasa kuma tana da ikon ƙara nata a kai. Amurka, alal misali, awa 250 take nema a CPL ta hanyar da aka saba.

Hanyoyi biyu na tsallakawa

Mai lasisin wata ƙasa yana da hanya biyu. Ta farko ita ce amincewa ta ɗan lokaci, wadda a takardun Faransanci ake kira validation. Hukumar ƙasar da aka je za ta rubuta wa hukumar da ta ba da lasisin domin ta tabbatar da ingancinsa, sannan ta ba da takardar izini mai wa'adi, a Turai shekara 1. Wannan izini jingine yake da lasisin asali: ranar da na asali ya mutu, shi ma ya bi shi. Sau da yawa kuma sai da kamfanin da zai ɗauki mutum aiki ake samun sa.

Hanya ta biyu ita ce musanya, wato a sami sabon lasisi na ƙasar da aka je, mai tsayuwa da ƙafarsa. A nan ne wahalar take, kuma nauyinta ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A wurare da yawa za a nemi binciken likita, da jarrabawar dokokin sararin ƙasar, da gwajin tuƙi a gaban mai jarrabawa. A Tarayyar Turai kuwa, inda hukumar EASA ta birnin Kolon ke tsara doka, mai son aiki a kamfanin fasinja sai ya zauna jarrabawa 13 a rubuce, ya ci kashi 75 cikin 100 a kowace, ya gama su duka cikin wata 18. Wanda ya faɗi darasi guda sau 4, duk abin da ya ci a baya ya rushe. Ko kyaftin mai furfura da dubban awoyi ba a yafe masa waɗannan jarrabawa; zaman aji kaɗai ake iya ɗauke masa. A Amurka ana ba baƙo takardar PPL bisa lasisin ƙasarsa ba tare da gwajin tuƙi ba, amma lasisin aiki sai ya yi jarrabawarsu da gwajinsu. Awoyin da ya tara a waje dai ana ƙirga masa.

Kada a ɗauka wai don mu ƴan Afirka ne ake yi mana haka. Da Ingila ta fita daga tsarin Tarayyar Turai, tun daga 1 ga Janairu 2021 lasisin matuƙanta ya daina aiki a jiragen da ke da rajistar ƙasashen Tarayyar, alhali jiya-jiya doka ɗaya suke bi. Darajar lasisi kuma tana tafiya da mutuncin hukumar da ta ba da shi. A 2020, bayan haɗarin jirgi a Karachi, ministan sufurin sama na Pakistan ya bayyana cewa akwai shakka a kan lasisin matuƙa 262 daga cikin 860. Nan take wasu ƙasashe, irin su Biyetnam da Malesiya, suka dakatar da ƴan Pakistan da ke yi masu aiki, mai laifi da marar laifi, Turai kuma ta rufe wa kamfanin PIA ƙofa har zuwa ƙarshen 2024. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ƙofofin da lasisi ba ya buɗewa

A ce yaro ya daure ya yi musanyar. Da sauran rina a kaba, domin lasisi izinin tuƙi ne, ba izinin zama da aiki ba ne. Kamfanonin Turai galibi suna sa sharaɗi a sanarwarsu cewa mai nema ya kasance yana da cikakken ƴancin zama da aiki a Tarayyar. Na Amurka ma haka, kuma bizar ɗalibi ta M-1 da makarantun tuƙi da yawa ke samar wa baƙi ta karatu ce, ba ta neman aiki ba. A 2025 ma gwamnatin Amurka ta sanya Cadi, daga baya Nijar, cikin ƙasashen da ta tsaurara wa shiga. Iyaye nawa ne suka biya kuɗin makaranta a ƙasar da ɗansu ba zai iya kwana ɗaya a cikinta da sunan ma'aikaci ba?

Ƙofa ta biyu ita ce yawan awoyi. Bayan haɗarin jirgin Colgan Air kusa da birnin Buffalo a Fabrairu 2009, inda mutum 50 suka rasu, Amurka ta canza doka. Daga 2013 ko mataimakin matuƙi a jirgin fasinja sai da babban lasisi, wato awa 1,500, in ban da ragin da ake yi wa tsofaffin sojojin sama da masu digirin wasu jami'o'i. Manyan kamfanonin ƙasashen Larabawa, irin su Emirates da Qatar Airways, sun shahara da ɗaukar baƙi, gaskiya ne. Amma baƙon da suke nema shi ne wanda ya riga ya tara dubban awoyi a kan manyan jirage. Ƙasa ba ta kiran baƙo sai don abin da babu a gida, kuma sabon matuƙi mai awa 200 kowace ƙasa tana da nata. Hasali ma Indiya sunan izinin da take ba baƙin matuƙa yana ɗauke da kalmar wucin gadi. Da annobar korona ta tsayar da jirage a 2020, baƙi da yawa ne suka tattara iyalansu suka koma gida, tun da takardar zamansu a ɗaure take da aikin.

Ƙofa ta uku ita ce shaidar sanin irin jirgin, abin da ake kira qualification de type a Faransanci. Wanda ya koyi tuƙi a ƙaramin Cessna ba zai hau Boeing 737 ko Airbus A320 ba sai ya yi horo na musamman a kan wannan jirgi, kuma kuɗinsa yakan kai euro 20,000 zuwa 30,000. Wasu kamfanoni suna biya, amma su ɗaure mutum da yarjejeniyar yi masu aiki na wasu shekaru, in ya tafi ya biya. Wasu kuwa cewa suke yi matuƙin ya biya su domin su bar shi ya tara awoyi a jirginsu. Wannan ciniki ne da muke jan kunnen iyaye a kansa: aikin da ma'aikaci ke biyan mai gida ba aiki ba ne.

Ƙofa ta huɗu ta fi shafar mu da muka yi karatu da Faransanci. Tun daga Maris 2008 OACI ta wajabta wa matuƙan da ke ƙetare ƙasashe su nuna ƙwarewa a Ingilishi. Matakai 6 ne, mafi ƙarancin abin karɓa shi ne na 4, kuma mai mataki na 4 sai ya sake gwaji bayan shekara 3 ko 4, gwargwadon dokar ƙasa. Yaro mai kaifin lissafi yana iya tsayawa a nan kawai.

To, ina mafita?

Ba muna faɗin wannan don mu karya gwiwar kowa ba ne. Ƴaƴanmu sun tuƙa jirgi tun zamanin Air Afrique, kamfanin da ƙasashe 11 suka kafa a 1961, har da Nijar da Cadi da Kamaru. Rushewarsa a 2002 ita ta bar yankinmu da ƙarancin wurin da sabon matuƙi zai fara. Daga baya ASKY ta fara tashi daga Lome a 2010 da haɗin gwiwar Ethiopian Airlines, Air Côte d'Ivoire kuma a 2012. Akwai kuma tsohuwar hanyar masu haƙuri: koyar da ɗalibai domin tara awoyi, da tuƙa ƙananan jirage a karkara, kamar yadda samari daga ƙasashe dabam-dabam suka daɗe suna zuwa garin Maun na Botswana suna kai masu yawon buɗe ido cikin fadamar Okabango. Can ma sai da takardar izinin aiki, kuma ɗan ƙasa ake fara dubawa.

Shawararmu ita ce a faro lissafi daga ƙarshe. Kafin a tambayi wace makaranta, a tambayi wane jirgi yaron zai tuƙa, mai lambar wace ƙasa, kuma da wace takardar zama. In an sami amsa, sai a bi waɗannan matakai.

Da farko a kai yaro wurin likitan da hukuma ta amince da shi, a yi masa binciken lafiya na aji na 1 kafin a fitar da ko dala. Rashin bambance launi ko wata matsalar zuciya da ba a sani ba tana iya kashe maganar tun daga tushe.

Na biyu, a rubuta wa hukumar ƙasa, ANAC a Nijar, ADAC a Cadi, CCAA a Kamaru, a nemi ta faɗi a rubuce abin da take buƙata kafin ta karɓi lasisin ƙasar da ake son zuwa. Matambayi ba ya ɓata. Kada a dogara da bakin dillalin makaranta, domin shi ɗalibi yake nema.

Na uku, a yi kasafin hanyar duka, ba na makaranta kaɗai ba. Cikakken horo a Turai yakan kusanci euro 100,000, wato sama da miliyon 65 na CFA. A ƙara da kuɗin musanya, da na sanin irin jirgi, da na zaman jiran aiki, domin lasisi yana cin kuɗi ko ba a tashi: binciken likita da gwajin tuƙi da na'ura duk shekara ake sabunta su. Kuma kada a zuba wa makaranta kuɗin duka a lokaci ɗaya. Makarantun tuƙi sun sha rufewa da kuɗin ɗalibai a ciki. Gidan da zai ci bashi mai ruwa domin wannan tafiya ya tsaya ya yi shawara da malamansa tukuna.

Na huɗu, a duba kusa kafin a hango nesa. Akwai kwalejin Zariya da aka kafa a 1964, akwai makarantar Ethiopian Airlines a Adis Ababa. Sararin sama kuma ba na matuƙa kaɗai ba ne. Makarantar EAMAC ta ASECNA da ke Yamai tana horar da masu ba jirage hanya, da masana yanayi, da injiniyoyin na'urori, aikin da ake yi a gida, kusa da iyaye.

Na biyar, yaro ya riƙe littafin tashinsa amana. Duk hukumar da za ta musanya masa lasisi sai ta bi shi shafi-shafi. Awa ɗaya ta ƙarya tana iya cinye dubu ta gaskiya, ban da rayukan bayin Allah da za su zauna a bayansa.

Shi kuwa magidancin da ya zo mana, mun ce masa gonarsa ba ta tafi a banza ba, amma tafiyar ba ta ƙare ba. Ɗansa ya fara da ƙofar gida: ya nemi lasisin ƙasarsa, ya gyara Ingilishinsa, kada ya bar takardunsa su mutu, kuma kada ya raina ƙaramin jirgi. Ga waɗanda ba su riga sun sayar da tasu gonar ba, tun ran gini ake zane.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.