NUMFASHIN INJI DA DUKIYAR JAMA'A

Duk wanda ya saba zagayawa bayan ofisoshin ƙananan hukumomi, ko harabar asibitoci da manyan makarantu na ƙasar nan, ba zai rasa ganin motoci a ɗage bisa duwatsu ba, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, kaji suna ƙwai a mazaunin direba. In ka tambayi dalili amsa ɗaya ce, wai inji ya buga. In ka duba da kyau kuwa, sau da yawa sai ka tarar ko fentinsu bai dushe ba. A kan wannan mu ke so mu yi magana yau, musamman da akawuna da malamai, gama mun tabbata mafi yawan injunan nan ba tsufa ya kashe su ba. Rashin kula da wani ɗan ƙaramin abu ne, watau hanyar da inji ya ke numfashi.

Mu ɗauki Fagam misali. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa, wajen iyaka da Jihar Bauchi. In ciwo ya fi ƙarfin asibitin gida a kan nufi Birnin Kudu, inda babban asibitin Gwamnatin Tarayya ya ke. Taki da littattafan makaranta a mota su ke zuwa. Amfanin gona a mota ya ke fita, ya bi ta Birnin Kudu da Wudil har ya kai Kano. Saboda haka ranar da motar asibiti ta ƙi tashi da tsakad dare, ko tarakta ta kwanta a farkon damina, hasarar ba ta tsaya ga Baitulmali kaɗai ba. Mai naƙuda da manomi su ne ke fara ɗanɗana ta.

To, mene ne numfashin inji? A cikin ko wace silinda akwai fistin mai hawa da sauka, an ɗaura masa zobba na ƙarfe domin su toshe tsakaninsa da bangon silinda. Sa'ad da mai ya kama da wuta, ƙarfin ƙunar ya kan tura fistin ƙasa. In inji yana juyi sau 3,000 a minti ɗaya, ko wace silinda tana tashi sau 1,500 ke nan. Kome kyawun zobban nan, tilas wani ɗan hayaƙi ya sulale ta gefensu ya gangara cikin inji, inda baƙin mai ya ke kwance. Hayaƙin nan yana tafe da man da bai ƙone ba, da kuma tururi, domin ko wace lita ta fetur da aka ƙona tana haifar da wajen lita guda ta ruwa. In ya sami hanyar fita, lafiya lau. In kuwa bai samu ba sai ya taru ya cika cikin inji, ya gurɓata baƙin mai ya mai da shi kamar kunu, sa'an nan ya nemi mafita da ƙarfi ta wurin da ya fi rauni, watau robobin da ke tsare mai.

A motocin dā, irin manyan motocin Bedford da aka yi yayi zamanin En'e, an wadatu da wani bututu da ya leƙo ƙarƙashin mota, iskar gudu tana janye hayaƙin tana watsarwa a hanya. Dabarar tana aiki in ana gudu, amma ba ta da ƙarfi in mota tana tsaye ko tana tafiyar hawainiya, ga shi kuma tana ɓata iskar gari. A shekarar 1961 aka fara sa wa sababbin motoci na Jihar Kalifoniya ta Amurka wani ɗan bawul, wanda Turawa su ka taƙaita sunansa PCV. Aikinsa shi ne ya bar inji ya tsotse hayaƙin cikinsa da kansa, ya mai da shi silinda ya sāke ƙonewa. Cikin 'yan shekaru kaɗan abin ya game motocin Amurka, daga bisani ya game duniya. Bawul ɗin nan na asali bai fi babban yatsa ba, kuɗinsa kuwa ba a ko haɗa shi da na tadar inji.

Abin da ya sa maganar ta ƙara nauyi a yau shi ne turbo. Wani injiniya mutumin Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905, aka kuma fara sayar da ƙananan motoci masu ita a Amurka a 1962. Yanzu kusan ko wace tirela da tifa, da manyan taraktoci, da manyan janaretoci masu shan gas, da ita su ke zuwa, haka nan da yawa daga cikin ƙananan motocin da a ke shigo da su daga Turai. Aikin turbo aikin zugazugin maƙeri ne. Hayaƙin da ke fita ta salansa ya kan juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya 'yar'uwarta, wadda ke ɗura iska cikin inji da ƙarfi domin wuta ta ƙara ci. Da haka ƙaramin inji ya ke yin aikin babba. Amma fa fankar nan tana juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, cikin zafin da ya kan mai da ƙarfe jawur, kuma ba abin da ke raba sandarta da mazauninta sai ɗan siririn baƙin mai.

Injin da ke da turbo ya fi na dā bukatar numfashi, bisa dalilai uku. Na farko, da ya ke ƙunar ta fi ƙarfi, hayaƙin da ke sulalewa ta gefen zobba ya fi yawa. Na biyu, sa'ad da turbo ta ke hurawa, bututun da dā ya ke tsotsa ya koma yana turawa. Saboda haka a injin fetur an sa wa hanyar ƙofa mai buɗewa waje ɗaya, aka kuma yi wata hanya ta biyu wadda ke kai hayaƙin bakin turbo. In ƙofar nan ta lalace, iskar da aka nufa da silinda sai ta shiga hura cikin inji kamar salka. Na uku, man da ya gama shafa turbo ba famfo ke komo da shi ba, gangarowa ya ke yi da kansa. In cikin inji ya cika da iska, man ba ya samun gangarowa, sai ya kwarara ta gefen fanka ya shiga silinda ko salansa. Nan ne za ka ga shuɗin hayaƙi, a ce turbo ta mutu, a saye sabuwa da kuɗi masu yawa, bayan 'yan makonni ita ma ta fara zubar da mai, domin ba a taɓa ainihin cutar ba.

A injin gas abin ya kan wuce hasarar kuɗi. Irin wannan inji yana iya cin baƙin mai kamar yadda ya ke cin gas. In man ya yi yawa a hanyar iska, inji ya kan ɗauki gudu da kansa, ko an zare makulli ba ya tsayawa, har sai ya shanye mansa ko ya tarwatse. Ba abin da ke tsai da shi sai a toshe bakin iska da katako, ba da hannu ba, ko kuwa, in motar mai kuloci ce, a sa babbar giya a take birki a saki kuloci. Ko wane direban hukuma ya kamata ya san wannan tun kafin ranar ta zo.

Mun san al'adar waɗansu makanikai, in sun ga mai a bututun iska sai su cire tiyon numfashi su sake shi yana reto a ƙasa, ko su cusa masa ƙusa su ɗaure. Hujjarsu ita ce motocin dā haka su ke, kuma sun daɗe. Ba mu raina gwanintarsu ba, gama da hannunsu ƙasar nan ta ke tafiya. Amma ƙaramin sani ƙunƙumi ne. Wanda ya toshe tiyon ya shaƙe inji. Wanda ya sake shi kuwa, in ya bar kafar da ya cire shi a buɗe, ya yi wa ƙura ƙofa har bakin turbo ba tare da ta bi ta matata ba. Kowa ya san ƙurar hunturu a ƙasar Gwaram. Ita ce ke cinye zobba da bangon silinda kamar a goga da yashi, hayaƙi ya ƙaru, numfashi ya ƙara toshewa, cuta ta yi ta haifar 'yar'uwarta.

Alhali kuwa gane lafiyar inji ba wani asiri ba ne. Ko wace safiya, kafin a ta da mota, a zaro gejin mai a duba. In man ya ragu fiye da yadda aka saba, a bi sawunsa. In ya yi fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. In an tarar gejin ya ɗago daga mazauninsa da kansa, iska ce ta turo shi, kada a yi tafiya sai an bincika. Sau ɗaya a mako, bayan inji ya ɗauki zafi yana sululu, a kwance murfin da a ke zuba mai, a aza shi bisa bakin ba tare da an ɗaure ba, a kuma tattare riga nesa da fanka da bel. A injin fetur mai lafiya za a ji yana ɗan tsotsar murfin. In yana tsalle, hayaƙi na fita fuf-fuf, to, ko hanya ta toshe ko zobba sun cinye. In kuwa tsotsar ta yi yawa har murfin ya ƙi ɗaguwa, inji yana fito, robar bawul ce ta yage. Injin gas ya kan ɗan huro kaɗan ko da lafiyarsa, yawan hurowar ne abin tsoro. A lura kuma da salansa: shuɗin hayaƙi baƙin mai ne, baƙi mai ya yi wa iska yawa, fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi kuwa sau da yawa ruwa ne.

Sauran gwaji na makanike ne, amma mai biyan kuɗi ya kamata ya san sunansa. Akwai agogon da a ke ɗaurawa a ramin fulogi a auna matsin ko wace silinda, kuma bambancin da ke tsakaninsu bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Akwai kuma gwajin da a ke ɗura iska cikin silinda a saurara. In ta fito ta bakin zuba mai, zobba ne. In ta salansa ko bakin iska, bawul ne. In kumfa ya taso a lagireto, gasket ɗin kan inji ya ƙone. Aikin sa'a ɗaya ko biyu ne, amma yana bambance injin da ke bukatar tiyo ɗaya da wanda ke bukatar a sauke shi. Bayan wannan sai juyen mai a kan kari, da irin man da kamfani ya ambata, da sāke matatar iska tun ba ta toshe ba. Kamfanonin da kansu sun rubuta a littattafansu cewa a ƙasa mai ƙura a gajarta wa'adin juye. Direba kuma in ya dawo daga doguwar tafiya ya bar inji ya yi sululu minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe, domin turbo ta huce da mai a jikinta.

Wani akawu zai ce, ni ina ruwana, ai ni ba makanike ba ne. Ruwanka kuwa ya yi tsaki, malam. Takardar neman kuɗin matata da tiyo ta kan teburinka ta ke bi. In ta kwana wata uku a ƙarƙashin fayil don ƙanƙantarta, wadda za ta biyo bayanta ta sayen inji ce. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, darajar Naira kuma ta faɗi a watan da ya biyo, kayan mota da a ke sayowa daga waje sun yi tsadar da kowa ya shaida. Hukumar da ta bar inji ya mutu yau ba lalle ne ta sami na maye gurbinsa baɗi ba.

Saboda haka ga abin da mu ke roƙo. Ko wace mota, ko tarakta, ko janareto na hukuma ya zama yana da littafinsa, a riƙa rubuta ranar juye, da nisan tafiya ko sa'o'in aiki, da yawan man da aka ƙara, akawu ya duba ya sa hannu ƙarshen ko wane wata. A ware 'yan kuɗin ƙananan gyare-gyare waɗanda za a iya fitarwa cikin mako guda. Kada kuma a amince da takardar sayen turbo ko sauke inji sai makanike ya rubuta abin da ya samu a hanyar numfashi da awon silinda.

Ku kuwa malamai, da yawa daga yaran da ke gabanku a Fagam da Gwaram da Birnin Kudu su ne direbobi da makanikan gobe. Darasin matsin iska da ke cikin littafin kimiyya, ga shi nan a fili ƙarƙashin murfin motar makaranta ko a ɗakin janareto. Ku fita da su su gani da idonsu, su zaro geji, su koyi rubuta abin da su ka gani. Yaron da ya saba da wannan tun yana aji ba zai girma yana cewa kayan gwamnati ba su da mai su ba.

Ga rani ya ba da dama, hanyoyi a bushe, makanikai suna da sarari. A duba injunan tun yanzu, kafin hadari ya taso a shiga neman tarakta, gama ba a fafe gora ranar tafiya.